Lasisin tuƙa helikwafta: dalilin da ya sa kyaftin mai awa dubbai yake komawa aji in ya sauya ƙasa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa in matuƙin helikwafta ya kai matakin ƙarshe, wato ya samu babban lasisin nan da ake kira ATPL, to shi kenan, duk ƙasar da ya ga dama zai je ya hau kujerar kyaftin ya tashi. Ba haka abin yake ba ko kaɗan. Mutum zai yi shekara goma yana kai ma'aikatan mai tsakiyar teku yana dawo da su lafiya, cikin hazo da iska da duhun dare, amma ranar da ya ce zai koma aiki da kamfanin wata ƙasa sai a miƙo masa tarin littattafai a ce ya je ya yi karatu ya zana jarabawa tare da yaran da ba su taɓa tashi da fasinja ba. Abin yana ƙona wa matuƙa rai matuƙa, kuma ni ina ganin wani ɓangaren takaicin nasu yana kan gaskiya, amma sai an san daga inda aka faro kafin a gane abin da ya cancanta da wanda ya zama wahalar da mutane kawai.

Tushen maganar yana cikin yarjejeniyar Shikago ta watan Disamba 1944, wadda ta haifar da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montiriyal ta Kanada. Sashe na 32 na yarjejeniyar ya ce matuƙin jirgin da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe dole ya riƙe lasisin da ƙasar da aka yi wa jirgin rajista ta bayar, ko wanda ta amince da shi. Wato abin da ake fara dubawa shi ne haruffan da ke jikin jirgin, ba fasfon matuƙin ba, ba kuma inda ya yi makaranta ba. In lambar ta fara da N jirgin Amurka ne, G na Birtaniya, LN na Norwe, 5N na Najeriya, 5U na Nijar. Ƙasar da ta ba jirgi lamba ita ce ke da alhakinsa a gaban duniya, har da wanda ke tuƙa shi. To lasisi kamar mutumin da ya tsaya maka ne a wajen karɓar kaya bashi a kasuwa, wanda ya tsaya maka a Kano ba lallai 'yan kasuwar wani gari su san shi ba, sai ka nemi wanda suka sani ya sa hannu, shi kuma ba zai sa hannu ba sai ya gamsu da kai da kansa.

ICAO ta shimfiɗa mafi ƙarancin sharuɗɗa ne kawai, kowace ƙasa tana da damar ta ɗora nata a kai, kuma kusan kowa ya ɗora. A ma'aunin ICAO mai neman ATPL na helikwafta sai ya kai shekara 21 kuma yana da awa 1,000 a helikwafta. Daga nan ne hanya ta rabu, kuma inda rabuwar ta fi fitowa fili shi ne tsakanin hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, da takwararta ta Turai, EASA, mai hedikwata a Kolon ta Jamus, waɗannan biyun su ne ma yawancin duniya ke kwaikwayo, don haka in ka fahimci yadda ake tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya ka fahimci kusan komai.

A Amurka ana neman shekara 23 da awa 1,200, amma a cikin awannin nan 200 ne kawai dole su zama na helikwafta, sauran ko a jirgi mai fukafukai ka tara su an karɓa. A Turai kuwa awa 1,000 ne a helikwafta, na jirgi mai fukafukai ba a ƙirga maka fiye da rabi, da awa 100 na dare, sannan ga babban ƙullin, awa 350 a helikwaftan da matuƙa biyu ke tuƙawa tare. Wannan 350 ɗin shi ke kayar da mutane da yawa. Dalili kuwa a Amurka aiki mai yawa matuƙi ɗaya ke yin sa, ɗaukar marasa lafiya, yawon buɗe ido, kai ma'aikata rijiyoyin mai da ƙananan jirage irin su Bell 407, sai ka ga mutum yana da awa 4,000 ko fiye kuma gwani ne na gaske, amma bai taɓa zama da abokin tuƙi a gefensa ba. A idon Turai wannan mutumin bai cika sharaɗin ATPL ba duk da cewa kati a aljihunsa yana cewa ATP, wato sunan ATPL a Amurka, abin da zai nema shi ne lasisin kasuwanci na CPL tare da jarabawar ATPL a rubuce, ya shiga a matsayin mataimaki har ya tara awannin. Ni dai wannan sharaɗin ban ga laifinsa ba. Tuƙin mutum biyu fanni ne mai zaman kansa, waye ke riƙe da jirgi waye ke magana da hasumiya, yadda ƙarami zai ce wa babba ka yi kuskure kuma babban ya saurara, wanda ya saba yin komai shi kaɗai yana buƙatar lokaci kafin ya iya wannan.

Sai maganar shaidar ƙwarewa kan samfurin jirgi, wadda matuƙa ke ce wa tayif retin. A Amurka in kana da lasisin helikwafta, a doka kana iya tuƙa duk wanda nauyinsa bai wuce fam 12,500 ba, wajen kilo 5,700 ke nan, ba tare da an rubuta sunan jirgin a katinka ba, illa dai jiragen Robinson da aka yi wa doka ta musamman. A Turai kowane samfurin helikwafta da tasa shaidar, komai ƙanƙantarsa, kuma ana sabunta ta duk shekara. Ka ga ke nan wanda ya yi shekaru yana tuƙa S-76 ko Bell 412 a Amurka ba abin da ke katinsa da zai nuna haka, don duka biyun ba su kai wancan nauyin ba, saɓanin AW139 ko S-92 da suka haura. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda dokar Turai ta yi wa mai ATPL na wata ƙasa sassauci ɗaya, in ya cika awannin da ake so za a iya ɗauke masa zaman kwas ya tafi kai tsaye ga jarabawa, amma da sharaɗin lasisinsa na asali yana ɗauke da shaida mai rai ta samfurin jirgin da zai yi gwajin tuƙi da shi. In babu, sassaucin ya tafi.

Littafin awanni ma wani rikicin ne. A tsarin Amurka wanda hannunsa ke kan sandar tuƙi yana iya rubuta awannin a matsayin na shugaban jirgi ko da ba shi ne kamfani ya naɗa kyaftin a wannan tafiyar ba, a Turai kuwa shugaba shi ne wanda aka ɗora wa alhakin jirgin, in kuma mataimaki ne ke yin aikin kyaftin ƙarƙashin kulawa to da nasa gurbin daban kuma sai kyaftin ɗin ya sa hannu. Sai mutum ya kawo littafinsa yana ganin yana da awa ɗaruruwa na shugabanci, jami'in da ke dubawa ya zauna ya tsame su ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma jiragen da masana'anta ta yarda mutum ɗaya ya tuƙa amma kamfani yana sa mutum biyu, nan sai ka kawo takarda daga kamfanin da ke tabbatar da cewa ƙa'idar aikinsu ce ta wajabta biyun, to in kamfanin ya rufe ko an sayar da shi shekara shida da suka wuce fa? Shi ya sa duk wanda ke cikin wannan sana'a, ko da bai da niyyar barin ƙasarsa yau, ya kamata duk inda zai bar aiki ya karɓi wasiƙa mai hatimi da ke fayyace awanninsa, samfuri samfuri, dare da rana, kujerar dama da ta hagu. Takarda ɗaya da za ka samu cikin mako guda kana ma'aikaci, bayan ka tafi tana iya cin maka wata da watanni.

Yanzu jarabawar rubutu, wadda ita ce dutsen da kowa ke kuka da shi. A Amurka jarabawa ɗaya ce a kwamfuta, maki 70 cikin 100 ka tsallake, sannan ranar gwajin tuƙi mai jarabawa ya zaunar da kai ya yi ta tambayarka baki da baki kafin ku tashi. A Turai takardu 13 ne, a da ma 14 ne kafin a haɗe biyun sadarwa, akwai dokar sama, yanayi, injuna da sassan jirgi, na'urori, lissafin nauyi da daidaito, tsara tafiya, kewayawa iri biyu, yadda jikin ɗan Adam da tunaninsa ke aiki a sama, da sauransu. Kowace sai ka ci 75, kuma dole ka gama su duka cikin wata 18 daga lokacin da ka fara, a zama shida kacal, kowace takarda ba za ka gwada fiye da sau huɗu ba. In ka saɓa ɗaya daga cikin waɗannan, duk wanda ka ci ya rushe, ka koma farko. Ka tuna fa mutumin nan ba ɗalibi ba ne, magidanci ne mai yin sati biyu ko wata guda a bakin aiki, ya dawo gida maimakon ya huta da iyali sai ya rufe kansa a ɗaki yana lissafin layukan taswira da yanayin saman da helikwafta ba ta ma kaiwa.

A nan ne nake ganin an wuce gona da iri. Jarabawar dokar sama da ƙa'idojin aiki, wannan kam dole ce, don bambancin na gaske ne kuma yana iya kashe mutane. Amurka tana auna matsin iska da inci, Turai da Najeriya da hektofaskal, Amurka tana faɗin nisan gani da mil, wasu da mita, tsayin da ake sauya saitin na'urar auna tsayi a Amurka ƙafa 18,000 ne ko'ina, a wasu ƙasashen ya danganta da filin jirgi kuma yana ƙasa sosai, adadin man ajiya da sa'o'in hutun matuƙi duk ba ɗaya ba ne. Wanda zai shigo sabon tsari ya zauna ya koyi waɗannan, ba wanda zai yi musu. Amma yadda farfela ke ɗaga jirgi bai canja don ka tsallaka tekun Atlantika ba, gajimaren hadari ma haka. A sa kyaftin mai awa 5,000 da tarihi mai tsabta ya sake zana duk wannan daga tushe, ni ban yarda tsaro kaɗai ake karewa ba, akwai kare kasuwar aiki da ta makarantun gida a ciki. Masu goyon bayan tsarin suna cewa ilimin littafi a Turai ya fi zurfi kuma ba adalci ba ne ɗan gida ya sha wahalar 13 baƙo ya shigo da ɗaya, hujja ce mai ƙarfi, sai dai ana iya tsara gajeriyar jarabawa kan inda aka bambanta kawai, kuma akwai ƙasashen da suka yi hakan.

Amurka da Kanada suna da yarjejeniya a tsakaninsu, matuƙi yana juya lasisinsa da takardar lafiya da ɗan gajeren gwaji kan bambancin dokoki, ba tare da sake gwajin tuƙi ba. Ostireliya da Niyu Zilan suna da dokar amincewa da juna tun 1997. Amurka da Tarayyar Turai ma sun ƙulla tasu wadda ta fara aiki a 2021, amma ta tsaya ne a kan lasisin masu tuƙi don kansu a jirage masu fukafukai, helikwafta da manyan lasisi ba sa ciki. Abin da ya fi nuna cewa siyasa tana da hannu dumu-dumu shi ne ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Har zuwa 31 ga Disamba 2020 lasisin Birtaniya lasisin EASA ne, washegari ya zama na baƙuwar ƙasa a idon Turai, mutum ɗaya, jarabawa ɗaya, littafi ɗaya. Matuƙa da yawa sun yi rige-rigen mayar da lasisinsu ƙasashe irin su Ayalan da Ostiriya kafin ranar. Birtaniya ta ci gaba da karɓar na Turai na shekara biyu zuwa ƙarshen 2022, daga nan ita ma ta rufe. Yau wanda ke tashi daga Aberdeen ta Birtaniya zuwa rijiyoyin Tekun Arewa da wanda ke tashi daga Stavanger ta Norwe, teku ɗaya suke ketawa, sau da yawa da samfurin jirgi ɗaya, amma ɗaya ba zai hau kujerar ɗaya ba sai da sabon lasisi.

In kuma daga Turai ko wata ƙasa za ka shiga Amurka, hanyar ta fi gajarta amma ita ma da nata ƙaya. FAA tana ba da lasisin tuƙi na kai bisa lasisin waje cikin sauƙi, sai dai wannan ba na cin abinci ba ne. Don ATP dole lasisinka na waje ya haɗa da izinin tuƙi da na'ura, wato tashi cikin gajimare ba ka ganin ƙasa, kuma nan akwai tarko, don a Turai ana iya riƙe ATPL na helikwafta ba tare da wannan izinin ba, a Amurka kuwa a haɗe suke. Sannan baƙo sai hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta tantance shi kafin ya fara wasu nau'o'in horo, abin da ya samo asali bayan harin 11 ga Satumba 2001.

Akwai matakin da ba a cika kawo shi a lissafi ba amma shi ke cin lokaci, tabbatar da lasisi. Sabuwar hukuma ba za ta yarda da katin da ke hannunka ba, za ta rubuta wa hukumar da ta ba ka ta tambaya ko na gaske ne, ko an taɓa dakatar da kai. A Amurka ofishin da ke birnin Oklahoma ke yin wannan, kuma wasiƙar da suke bayarwa wata shida take aiki, in ba ka gama abin da za ka yi ba ka sake nema. Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne ya tuna Pakistan a 2020, bayan jirgin kamfanin jiragen ƙasar, PIA, ya faɗi a Karachi a watan Mayu ministan sufurin samansu ya faɗa wa majalisa cewa matuƙa 262 cikin 860 akwai shakku kan lasisinsu, nan take Turai ta dakatar da PIA, ba a ɗage ba sai ƙarshen 2024, kuma matuƙan Pakistan masu gaskiya da ke aiki a wasu ƙasashe su ma an sauke su har sai da aka tantance. Darajar katinka tana tafiya ne da darajar hukumar da ta buga shi, da kuma saurin da take amsa wasiƙa.

Takardar lafiya ma ba ta tsallaka iyaka. Gwajin lafiya na ajin farko na Turai, karon farko sai a cibiyar da suka amince da ita ake yin sa, kuma ya fi kyau mutum ya fara da shi kafin ya kashe ko kwabo a kan littattafai, don abin da likitan wata ƙasa ya wuce da shi, ido ne ko bugun zuciya ko wani magani da kake sha, wata ƙasar tana iya tsayawa a kai. Ga Turancin aiki, mataki na 4 a ma'aunin ICAO shi ne mafi ƙaranci, shi ma sau da yawa sai an sake gwada ka a wajen wanda sabuwar hukumar ta sani.

Akwai gajeriyar hanya da ake bi in kamfani yana sauri, wato sabuwar ƙasa ta ba ka takardar amincewa ta wucin gadi a kan lasisinka na asali ba tare da ta ba ka nata ba. A Turai shekara ɗaya ce, ana iya ƙarawa sau ɗaya ga wanda ya riga ya kama hanyar neman cikakken lasisi. Wannan takardar a jingine take da na asalin, ranar da wancan ya mutu ita ma ta mutu. Tana da amfani ga aikin kwangila na 'yan watanni, amma wanda ya kwashe iyali ya koma wata ƙasa a kanta ya zauna a kan abin da ba shi da tabbas.

Mu a nan abin ya shafe mu kai tsaye. Aikin helikwafta na farar hula a Najeriya mafi yawansa na mai ne, daga Fatakwal da Legas da Warri zuwa teku, kamfanoni irin su Bristow da Caverton, kuma duk da muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tun 1964, matuƙan helikwafta da yawa a waje suka koyo, Amurka ko Afirka ta Kudu ko Turai. Duk wanda ya dawo da lasisin waje, kafin ya tuƙa jirgi mai lamba 5N sai ya bi ta hukumar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, a tabbatar da lasisin daga inda aka ba shi, ya yi gwajin lafiya a wajen likitan da hukumar ta amince da shi, ya zana dokar sama ta gida. Haka su ma Turawan da ke zuwa aiki. Wanda ya fito daga soja shi ma nasa daban ne, shaidar tuƙi ta soja ba lasisin farar hula ba ce, awanninsa ana iya ƙirga masa amma lasisin sai ya nema. Don haka iyaye da gwamnatocin jihohi masu tura yara koyon tuƙi, kafin a biya makaranta a tambayi inda yaron zai yi aiki, da lasisin wace hukuma makarantar ke bayarwa, da abin da zai ci kafin a juya shi, a sa wannan kuɗin a cikin kasafin tun farko. Yaro ya dawo da kati mai kyau ya zauna shekara a gida saboda ba a tanadi kuɗin juyawa da na tayif retin ba, hannunsa yana yin sanyi, wannan asara ce da ake iya kauce mata.

Kuma lasisi daban, izinin aiki daban. Kana iya cin takardu 13 ɗin nan duka, ka yi gwajin tuƙi a simuleta mai tsadar gaske, a ba ka ATPL na Turai, amma in ba ka da izinin zama da aiki a can kamfani ba zai ɗauke ka ba, hukumar jiragen sama ba ruwanta da biza. Wanda ya riƙe lasisi biyu kuma ya san cewa kowanne yana da nasa gwajin lafiyar da nasa sabuntawar, in kamfaninka yana biyan na ƙasar da kake aiki kawai to ɗayan daga aljihunka zai fito duk shekara, in ka bar shi ya kwanta shekaru kuma farfaɗo da shi sai da sabon horo.